WASIƘA DAGA MASANAWA: INA ZA A KAI YARO YA KOYI AIKIN INJINIYA A ƘASAR KANO?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filina na kullum, domin in amsa wata tambaya da ta iske ni har sau uku cikin wata guda, biyu a takarda, ɗaya da baki. Da wani malamin makaranta daga Getso, da wani akawu daga Garo, da wani dattijo manomi a nan Masanawa, duk maganarsu ɗaya ce. Kowannensu yana da yaro wanda ya ƙare sakandare, kansa yana ja wajen lissafi, ya kuwa ƙwallafa rai sai ya zama injiniya. Su kuma ba su da halin tura shi Zariya ko Minna, balle ƙasar waje. Suka ce, “To, cikin makarantun da ke nan ƙasar Kano, wacce ta fi?”

Ni a ganina an kamo tambayar ta wutsiya. Wanda ya je sayen san noma ba ya tsayawa yabon girman kasuwa, haƙoran san yake dubawa da ƙafafunsa. Haka sha'anin karatun injiniya yake. Hukumomin da ke kula da shi ba makaranta suke amincewa da ita a dunƙule ba, sashe sashe suke bi. Sai ka ga makaranta ɗaya, ƙofa ɗaya, an amince da sashenta na lantarki, na gine-gine kuwa an ce a dakata tukuna. Saboda haka abin da uba zai tambaya shi ne, wane fanni yaron zai karanta, sa'an nan a wace makaranta ce wannan fannin yake da lafiya.

Kafin mu shiga makarantun bari mu warware kalmar kanta. A wurinmu duk wanda ya iya kwance injin niƙa ya mayar, ko ya ja wayar lantarki a gida, injiniya muke ce masa, ba kuwa laifi, girmamawa ce. Amma a wurin doka ba haka ba ne. Tun 1970 Gwamnatin Tarayya ta kafa majalisa mai kula da wannan aiki, wadda ake kira COREN. Ita ke riƙe da littafin rajista, ta kuwa raba ma'aikatan hawa huɗu. Na sama shi ne injiniya, watau wanda ya yi digiri na shekara 5 a sashen da majalisar ta amince da shi, ya fita ya yi aiki kamar shekara 4 a ƙarƙashin manya, kana aka rubuta sunansa. Shi ke sa hannu da hatimi a kan zanen gada ko na bene, in ta rushe shi za a nema. Mai bi masa shi ne mai babbar difloma, sai mai ƙaramar difloma, sai gwanin sana'a wanda ya fito daga kwalejin koyon sana'a. Duk huɗun ana bukatarsu, gada ba ta tsayuwa da zane kaɗai. Amma lalle ne uba ya san hawan da yake saya wa ɗansa tun kafin ya sayar da hatsinsa.

To, mu fara da babba. Jami'ar Bayero ta soma a 1960 da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, a 1962 aka mayar da ita Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin jami'ar Zariya, a 1977 ta tsaya da ƙafafunta. Ba da daɗewa ba ta buɗe tsangayar fasaha, tun daga nan take yaye injiniyoyi na gine-gine da hanyoyi, da na lantarki, da na injuna, daga baya aka ƙara na aikin gona da na sinadarai da man fetur da waɗansu. Ga shi kuwa Allah ya ajiye sabon mazauninta a kan hanyarmu, duk wanda ya hau mota daga Gwarzo ko Kabo zuwa birni sai ya wuce ta bakin ƙofarta kafin ya kai Kabuga. Ba na musu, in yaro ya sami gurbi a can, to, ya sami wuri mai tsofaffin malamai da tsohon suna. Wahalar ita ce samun gurbin. Jami'ar ta Tarayya ce, ƙa'idar rabon gurabe kuwa ita ce kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi maki ne ko daga ina suka fito, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilmin zamani. Kano tana cikin waɗanda ake yi wa wannan rangwame, amma kada ɗan Masanawa ya yi murna da wuri, gama cikin kason Kano ɗin zai yi takara ne da 'ya'yan birni waɗanda aka ɗaukar wa malamin Fiziks har gida. Jarrabawar JAMB maki 400 ce, a fanni huɗu, Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Wanda makinsa ya yi sama sosai ya sa Bayero a zaɓin farko, ba shakka. Wanda nasa ya tsaya tsaka-tsaki, ya kuwa nace sai Bayero, sau da yawa ƙarshensa zaman gida ne shekara biyu ko uku yana sake jarrabawa, har lissafin da ya iya ya fara zubewa.

Ta biyu ita ce jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Ita ma tana da tsangayar injiniya, ta kuma yi shekaru tana yaye ɗalibai. Tun da yake ta jiha ce, ɗan jiha ya fi samun sauƙi, wajen gurbi da wajen kuɗi. A 2023 Gwamnatin Kano ta rage wa 'yan jiha rabin kuɗin rajista a manyan makarantunta. Sai dai mai lissafin shekara 5 kada ya kafa rumbunsa a kan wannan, domin abin da wata gwamnati ta rage wata tana iya ƙarawa. Ga kuma nisa. Mu muna yamma, Wudil tana gabas, sai an keta birni an kama hanyar Maiduguri. Yaro ba zai yi jeka-ka-dawo ba, tilas a nema masa ɗaki, a aika masa da gari da wake da manja, a yi masa kuɗin mota biyu kowane zuwa.

Yanzu na zo ga wadda mutanenmu suka fi rainawa, ni kuwa na fi so in daɗe a kanta, watau Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, wadda ake ce wa foliteknik. Makarantarta ta fasaha tana titin Matan Fada cikin Kano, a nan ake koyar da fannonin injiniya. Tsarinta shi ne shekara 2 a sami ƙaramar difloma, shekara 1 a fita a yi aiki, a komo a yi shekara 2 a sami babbar difloma. Ku duba alherin da ke cikin wannan ga talaka. Ɗan jami'a in ƙarfin ubansa ya ƙare a shekara ta uku, ko uban ya rasu, zai komo gida hannu rabbana, ba takarda ba sana'a. Ɗan foliteknik kuwa bayan shekara 2 yana da takarda a hannu, yana iya neman aiki da ita ya tara abin da zai ƙarasa. Har wa yau, in ya fita da sakamako mai kyau, yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ba tare da ya sake zana jarrabawar nan mai fanni huɗu ba. Hanyar ta fi tsawo, amma tana da zango, matafiyi mai ɗan guzuri kuwa zango yake dubawa.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Mai babbar difloma ba a rubuta shi injiniya a littafin COREN sai ya ƙara karatu a jami'a. A aikin gwamnati kuma an daɗe ana fifita mai digiri a kansa. A 2021 Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma rainin da muke yi mata ya girme wannan, ya ku 'yan'uwana akawuna da malamai, daga cikinmu yake. Tun 1909, sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, akwai sashen koyon sana'o'in hannu a ciki, amma abin da ya zauna a zukatanmu shi ne mai alƙalami da farar riga shi ne ya yi karatu, mai guduma da baƙin mai a hannu bai yi ba. Har yau uba ya fi so a ce ɗansa yana jami'a yana karanta abin da ba ya so, da a ce yana foliteknik yana koyon abin da zai ci da shi.

Wannan foliteknik tana da reshe a Gwarzo, makarantar nazarin muhalli. A lura, ba injiniya ake yayewa a can ba, 'yan'uwan aikinsa ne, irin su zanen gine-gine, da ƙididdigar kayan gini, da tsara gari. Yaron da abin da yake so shi ne gini, ba lantarki ko injuna ba, ya kamata ya leƙa ta, ga ta a ƙofar gida.

Sai kuma tamu ta Kabo, wadda na san ita ce a ran dattijon da ya tambaye ni. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa sababbin foliteknik uku, ɗaya a Kabo, ɗaya a Orogun ta Jihar Delta, ɗaya a Umunneochi ta Jihar Abiya. A 2025 kuma aka amince a ɗaga ta Kabo zuwa jami'ar kimiyya da fasaha. Sanata Barau Jibrin, ɗan ƙasar nan, shi ya tsaya a kan al'amarin. Babu wanda ya kai mu murna. Yaro ya yi karatun gaba da sakandare yana cin tuwon gidansu, ranar hutu ya taya ubansa noma, wannan abu ne da kakanninmu ba su yi mafarkinsa ba. Amma murna daban, shawara daban. Sabuwar makaranta izinin farawa ake ba kowane sashenta, cikakkiyar amincewa ba ta zuwa sai ɗaliban farko sun yi nisa, masu duba sun zo sun ƙirga malamai da kayan aiki. Wannan ba aibi ba ne, Bayero ma ta yi jarirantaka. 'Yan farko suna da tasu riba, ga su kaɗan, malami ya san sunan kowa. Sai dai su ne masu share fage, mai harsashi ɗaya kuwa ba ya harbi sai ya ga nama sosai. Uban da zai kai ɗansa can ya je ofishin rajista da kansa ya yi tambaya biyu: wannan fanni da yarona zai shiga, wace hukuma ta ba da izininsa, a wace shekara? Kuma tun da makarantar ta sauya matsayi, wace takarda zai fita da ita, difloma ko digiri? In amsa ta fito sarai, to, bisimilla, kusa ta fi nesa.

Waɗannan tambayoyi ba na Kabo kaɗai ba ne, har Bayero da Wudil a yi musu, balle jami'o'in kuɗi da suka yawaita a birni 'yan shekarun nan. Hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke duba sassan jami'a. Tana ba da cikakkiyar amincewa ta shekara 5, ko ta wucin gadi ta shekara 2, ko ta hana, wanda aka hana kuwa ba ya ɗaukar sababbin ɗalibai. Watau amincewar tana ƙarewa kamar lasin mota, wadda aka bayar shekara 7 da suka wuce ba hujja ba ce yau. Na foliteknik kuwa hukumar NBTE ce, wadda aka kafa a 1977, ofishinta yana Kaduna. Bayan su ga COREN da nata dubawar. Kada a ɗauki ta COREN da wasa. A 1989 majalisun injiniyoyi na ƙasashe shida, cikinsu har da Amurka da Ingila da Kanada, suka ƙulla wata yarjejeniya mai sunan birnin Washinton, ta cewa kowace ƙasa za ta yarda da digirin da 'yar'uwarta ta amince da shi. A 2023 aka karɓi COREN a cikinta a matsayin ɗan gwaji. In Allah ya sa ta cika sharuɗɗa, ɗan Masanawa da ya fito daga sashen da ta amince da shi zai iya ɗaukar takardarsa zuwa waɗannan ƙasashe a karɓa. Wanda ya fito daga sashen da ba ta sani ba, ko a gida sai ya sha wuya kafin ya sami rajista.

Bayan takarda sai ido, gama gani ya kori ji. Mutumin da zai kashe amfanin gonarsa na shekara 5 bai kamata ya ji ƙyashin kuɗin mota na yini ɗaya ba. A tafi da yaron, a nemi wani malami na gari mai jin Turanci ya raka su. Kada a tsaya kallon ƙofar shiga da fentin ofishin shugaba, a ce a nuna ɗakin aiki. A sashen gine-gine a nemi ganin injin da ke matse kankare har ya fashe don a san ƙarfinsa, da na'urorin awon ƙasa. A sashen injuna a ga injin sassaƙa ƙarfe da na walda, a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe a ƙasa, domin injin da ake aiki da shi ba ya rasa datti, wanda aka rufe da leda yana jiran baƙi shi ke ƙyalli. A tambaya da me ake tayar da su in an ɗauke wuta. Sa'an nan a ja wani ɗalibi ɗan aji uku ko huɗu gefe, a ce masa, “Samari, sau nawa ka kama injin nan da hannunka a wannan zango, ku nawa ne kuma a kansa?” Abin da ya faɗa ya fi duk abin da aka buga a takardar talla.

A kuma tuna da watannin koyon aiki. Tun 1973 akwai tsarin tura ɗalibai masana'antu, ɗan jami'a mai karatun injiniya yakan yi wata 6 a shekararsa ta huɗu. Wuraren suna Kano da kewayenta: Bompai, da Sharaɗa, da Challawa, da matatar ruwa ta Tamburawa, da tashar lantarki ta Kumbotso. Masana'antu da yawa sun rufe, waɗanda suka rage kuwa ɗalibai sun yi musu yawa, sai mai ƙafa da mai naci. Ko a Wudil yaro yake ko a Kabo, wannan lokaci sai ya zauna birni, a sa shi cikin lissafi tun yanzu. A sa yajin aiki ma. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi wata 8 ba karatu, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda haka mai shirin shekara 5 ya yi guzurin 6. Akwai asusun rancen ɗalibai na Tarayya, NELFUND, wanda ya fara karɓar masu nema a 2024. Ba ruwa a kansa, ɗaliban makarantun gwamnati ake ba, ana fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Bashi ne dai, ba kyauta ba, a gaya wa yaro haka.

Game da fannin kansa ina da ra'ayi, wanda ya ga dama ya ƙi. Yaran yanzu da an ce injiniya sai su ce na man fetur, don sun ji ana maganar kuɗi. Aikin mai yana nesa da mu, gurabensa kaɗan ne. Ku ɗaga kai ku dubi abin da ke kewaye da mu. Audu Baƙo ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya kafa harsashin madatsun ruwa, aka gama ta Tiga a 1974, ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, ga Guzuguzu da Magaga nan kusa da mu. Ruwa yana kwance, hanyoyinsa sun cushe da yashi, manomin rani yana ƙona ribarsa a fetur ɗin injin ban ruwa. Wa zai gyara magudanan nan, wa zai auna wa manomi yawan faifan sola da zai ja famfonsa, wa zai ƙera injin casa da ya dace da dawarmu? Injiniyan ruwa ne, da na lantarki, da na aikin gona, wannan na ƙarshe kuwa shi ne yara ke gudu don sun ji kalmar gona a jikinsa. Ga hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinta a 2021, irin wannan aiki ko an gama shi masu kula da shi yake bukata har shekaru masu yawa.

Ga malamin Getso ina da ƙarin magana, tun da yara suna hannunsa. Jami'o'in nan ba su karɓar yaro sai da kiredit 5, cikinsu da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Watau zaɓin ya fara ne tun shekara 3 baya, ran da aka raba yara ajin kimiyya da na adabi. Don wannan ne Gwamnatin Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, manyan injiniyoyi da likitocin jihar nan da yawa daga can suka fito. Na mata ma akwai, kamar ta Garko, kada a ce yarinya mai kan lissafi ba ta da rabo a wannan aiki. Malami ya ga yaro mai kai a ƙaramar sakandare, ya je ya sami ubansa tun da wuri a sa shi jarrabawar shiga waɗannan makarantu.

Ga akawun Garo kuma, gargaɗi ɗaya. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa tsarin da duk gurbin da aka ba ɗalibi sai ya bayyana a shafinta na intanet, ɗalibin ya karɓa da kansa. Gurbin da bai bi ta nan ba hukuma ba ta san da shi ba. Duk wanda ya zo ya ce yana da hanya, a kawo kuɗi, a sallame shi da kyakkyawar magana.

Malam Edita, ina roƙo ta bakin jaridarka ga shugabannin Bayero, da Wudil, da foliteknik ta jiha, da makarantarmu ta Kabo. Kowace shekara, kafin a fara sayar da takardar JAMB, su aiko maka da jerin sassansu na injiniya da Hausa, kowane sashe da hukumar da ta amince da shi, da shekarar da aka amince, da shekarar da amincewar za ta ƙare. Rabin shafi ya ishe su. Mu kuma a nan mun ɗauki alkawarin karanta wa iyayen da ba su iya boko ba, a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan yi magana a kan kwalejojin koyon sana'a na Bagauda da Ungogo da Wudil, domin yaran da hannunsu ya fi kansu sauri.

Haza wassalam.

Naka,
Mai Wasiƙa daga Masanawa,
Ƙasar Kabo.